Adamu Bai Ɗanɗana Ba

Birnin Zariya

Zuwa ga Yaya Jalo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran dodannin da kuka yi ƙaura tare. Ya ƙarfin jikin Umma?

Mu muna nan cikin birni a siffar mutane, kamar yadda ka bar mu. Maigidana Adamu yana dakon hatsi a kasuwa, maƙwabta ba su san ko mu su wane ne ba.

Sai dai Yaya, Hargitsi ya dawo. Cutar nan da kakanninmu suka danne a ƙarƙashin dutsen Kufena ta samu tsaga ta fito. Duk dodon da ta shiga, warin ɗan'uwansa sai ya koma masa ƙanshin nama. Ka san dokarmu ta farko: dodo ba ya cin dodo. Kawu Garba ya karya ta, ya cinye ɗan cikinsa. Yanzu baki biyu gare shi, ba ya gane kowa, dattawa sun kore shi daji.

Jiya da rana ina tuƙin tuwo, Adamu ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa. Da bakinsa ya faɗa mini cewa da ya ɗauki 'yarmu Ibtisam da safe, yawu ya ji ya taru masa. Shi ya sayo sarƙa, shi ya ce in ɗaure shi a turken raƙumin da ke bayan gida. Ina ɗaure shi, shi yake nuna mini inda zan ƙara matsewa.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Barira

Birnin Zariya

Zuwa ga Yaya Jalo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Umma da yara, da fatan kowa lafiya.

Adamu ya rasu. Kada ka yi mini kukan tausayi, ka dai ji yadda ya tafi.

Sarƙa ta fara gazawa, haƙoransa sun cika baki. Wani daga cikin dattawa ya ba ni shawara a asirce: wai in yanko tsoka kaɗan daga cinyata in ba shi, zai lafa. Wallahi na ɗauki wuƙa. Adamu ya kau da kai, ya rantse gara yunwar ta cinye shi.

Ranar Asabar ya roƙa a kai shi Kufena. A keke napep muka je, yana lulluɓe da bargo, ya danne bakinsa da tsumma. Ka san in dodo ya tuɓe siffar mutum a tsakar rana, dutse yake komawa. Ya hau da ƙafarsa har bakin tsagar da cutar take fitowa, ya zauna daram a kanta, ya yar da bargon, ya tuɓe siffar mutum. Yana kiran sunan Allah rana ta gama da shi.

Tsagar ta toshe, Yaya. Tun ranar ba wanda ya sake kamuwa.

Matan danginmu da ke gudun gidana yanzu su ke zuwa gaisuwa, suna durƙusa mini. Ibtisam ta tambaye ni ko babanta ya ji tsoro. Na ce mata ya ji, kuma ya hau. Ka gaya wa dodannin can, su gaya wa 'ya'yansu: mijina ya mutu da yunwarsa, bakinsa a tsarkake.

Taka har kullum,
Barira, matar Adamu