Shanun Huɗar Malam

Kwatarkwashi

Yaya Maijidda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Tsafe. Ya ƙafar taki?

An yi wa Malam, maigidan nawa, aikin zuciyar nan a Gusau. Ko yanka ba a yi ba. Ta jijiyar hannu suka zura siririn bututu suka buɗe hanyar jinin da ta toshe. Da safe muka shiga, kafin la'asar likita ya ce komai ya yi kyau, mu tafi gida, don a wannan zamani na korona kwanan asibiti ya fi hatsari.

To kin san mutanenmu. In asibiti ya ce a koma gida, an gama magana ke nan. Kafin mu sauka daga mota gari ya ɗauka sallamar mutuwa aka yi masa, shi ma gogan naki ya yarda. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya nemi gafarar kowa, ya ba ƙanensa Jatau shanun huɗarsa, ya juya fuska bango. Masu dubiya kuwa a zaure nake tare su da takunkumin rufe hanci da baki.

Abin dariya ne, Yaya, amma ina tsoro. Ba ya cin abinci, maganin ma sai da lallashi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Bara'atu

Kwatarkwashi

Yaya Maijidda,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, albishirinki!

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Da safe Malam yana kwance ya ji Jatau ya wuce ta bayan katanga da shanun, yana tsula musu bulala. Mutumin da ko harara bai taɓa bari a yi musu ba! Sai ga mai jiran mutuwa a ƙofar gida ba takalmi, yana zazzaga faɗa, har maƙwabta suka fito. Jatau ya saki igiya ya tsaya yana hawaye, shi kuwa bai fasa faɗan ba.

Da ya shigo ya ce yunwa yake ji. Ya tashi da kwanon tuwo, ya nemi magani da kansa. Likita ya hana shi aiki da hannun tukuna, don haka gindin ɗorawa yake zama yana ba Jatau umarni. Kyautar dai ya janye ta.

Tun Gusau ban yi kuka ba, Yaya, sai da na ga kwanon nan fayau.

Taki har kullum,
Bara'atu