Inuwar Tsamiya da Layin Fenti

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Zafi. Na gama littafin da maƙwabciyata Dela ta aro mini, jarumin ya sayi kamfani sukutum ya ba matarsa. Ina kwance ina tunani har wake ya kama.

Nuruddeen (a nan kaɗai nake kiran sunansa) ya dawo daga gidan mai unguwa da fara'a. An ba shi riƙon 'yar kasuwar yamma da ke bayan katangarmu, gwaji na mako uku. Shekara ashirin Adda Tasalla ce ke raba wa mutane wurin zama, ba takarda ba komai. Ya ce, "Amarya, kasuwar da ke ciyar da unguwa guda ba a bar wa tsohuwa da tsintsiya." Na ce haka ne, Malam. Ya yi mini kyau yana faɗa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ya zayyano mini masu cin abinci a wurin: masu lambu, matan Fulani masu nono, 'yan acaɓa masu ɗauko kaya daga ƙauyukan Roni, mai markaɗe. Ni da hayaniya na ɗauke ta, mai hana ni karatu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Da sassafe ya fita da fenti da igiya. Layi-layi, kowa da lambarsa. Masu nono da masu ganye ya ajiye su inda inuwar tsamiya take. Farar rigarsa duk fenti. Ni zan wanke.

Talata, 15 ga Afrilu

Dela ta yo mini cefane. Alayyahu ya yi laushi kamar an dafa, nono ya tsinke. Ta ce, "Ke Amarya, mijinki da hantsi ya auna inuwa, kasuwa kuwa sai bayan azahar take ci." Har da riƙe ciki.

Ashe Adda Tasalla kullum tana tayar da mutane. Inuwa na matsawa gabas, masu nono da ganye su bi ta, masu gero da gyaɗa su koma rana tunda ba abin da za ta yi wa kayansu. Abin haushi, na san wannan. Haka nake jan tabarmata a tsakar gida. Da ya tambaye ni.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na gaya masa, a hankali, bayan ya ƙoshi. Ya ce in kowa zai riƙa tashi, ina amfanin lamba? "Tsari ne, Amarya, ba irin na littattafanki ba." Kaina na ciwo.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Matan Fulani ba su zo ba. An ce sun wuce da ƙorensu bakin hanyar Kazaure. Masu fura ba su dama ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Adda Tasalla ta shigo shan ruwa. Kunya kamar in nutse. Ta ce, "'Yata, ba fushi nake da ɗana ba, ƙafata ma ta gaji. Amma jiya Fatu mai alayyahu rabin kwando ta zuba wa awaki, kuma da shi take riƙe gida tun da mijinta ya kwanta."

Ta ga littafi a kan tabarma. "Me suke yi a ciki?" Na ce soyayya, Adda. Ta ce, "To, suna cin tuwo kuwa?"

Alhamis, 24 ga Afrilu

Hajiya matar mai unguwa tana bi gida-gida jin ta bakin mata kan wanda zai riƙe kasuwar, tunda mu ke girka abin da ake sayarwa. Gobe namu. Shi kuwa ya riga ya gaya wa kowa a wurin aikinsu cewa shi ne shugaban kasuwa. In aka karɓe, sai sun shekara suna yi masa tsiya. Na gaji tun kafin goben.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ta zo. Ta ce, "Ke ba sai na tambaya ba, mijinki za ki ce." Har ta sa takalmi. Na ce, "Hajiya, Adda Tasalla." Ta juyo. "Me kika ce?" Na sake faɗa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

An mayar wa Adda. Malam ya zauna ya daɗe bai taɓa abinci ba, can ya ce, "Ko ba komai na san gida ɗaya ya tsaya mini." Na ƙara masa miya. Zan gaya masa. Ba yau ba.

Tausayinsa nake ji, wallahi da gaske. Ban yi murna ba. Kawai dai da la'asar na jiyo muryar mai nono ta bayan katanga, kuma Dela tana nan, da na aike ta. Ban san lokacin da na yafa mayafi na ɗauki kwano ba. Sai da na kai zaure na tuna ban nemi izinin fita ba. Na tsaya kaɗan. Na wuce.