Windows Ta Riƙa Farawa

Agadas, daren Laraba

Jibi zan tafi Tabelot. Rijiyar garkar Baba, wato lambunsa, ta ƙafe, albasa tana ƙonewa, ya ce in zo mu ƙara mata zurfi. Matata Rakiya zan bar wa shagon buga takardu, shi ya sa tun safe hankalina yake kan ordinater, kwamfutar shagon.

Windows da Linux duka suna cikinta, amma in an kunna ba a yi saurin zaɓa ba, Linux take buɗewa. Ni na saba. Rakiya kuwa Windows kaɗai ta iya, ga kuran, wutar lantarki, yana ɗaukewa ba sallama. Jiya ta tsinci kanta a Linux, mutane na jira, ta kira ni: "Baban Nana, komai ya ɓace!"

Da la'asar na buɗe fishiye, wato fayil ɗin da ke tsara tashin ordinater, na canja layi guda don Windows ta riƙa farawa. In na ɓata ordinater, ina zan samu wata? Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, kayan gyara sun yi wuya.

Na ce Rakiya ta kunna da kanta, ni na juya baya. Can sai ta ce, "Ga tawa ta fito!"

Mun sake gwadawa, lafiya lau. Amma a garkar Baba rezon waya sai an hau tudu. In ta rikice mata, ba zan ma sani ba. Allah ka tsare har in dawo.