Nonon Saye

Dogon Dutsi, farkon rani.

Zuwa ga Yayana Jibrilla,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da zaman Yamai. Na rubuto ne maimakon in kira waya, domin Inna tana ɗakina, kuma ƙafa ce ta karye mata, ba kunne ba.

Kada hankalinka ya tashi. Santsi ya kwashe ta a bakin rijiyar ƙauyenmu Dumega, ƙashin ƙwaurinta na hagu ya karye. Maigidana, Baban Luƙman, ya rufe shagonsa ya je ya ɗauko ta. A asibiti suka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi, ita kuwa tana ta jira ta ji labaran duniya. Sun gyara ƙafar sun ɗaure.

Lokotoro, wato likitan, ya nuna mini hoton. Ya ce ƙasusuwanta sun yi rauni kamar karan gero da gara ta ci, abin da kan sami mata in girma ya zo. Wai sai ta riƙa shan nono, ta ci wake da zogale da ƙananan kifi, ta riƙa shan hantsi, in ba haka ba ƙashin ba zai kama ba. Ka ji fa! Matar da ta ƙare rayuwarta da ƙwaryar nono a ka, ita ake wa wa'azin nono. Amma ka san ta, ta sayar, ta ba mu, ita ta sha farau-farau.

Ka gaida matarka da yara.

Ƙanwarka,
Zalika

Dogon Dutsi, tsakiyar rani.

Yayana,

Ina gaisuwa, ina gajiyar aiki? Mu muna nan lafiya, sai dai Inna ta kusa sa ni hauka.

Ta ƙi cin abinci. Wai ita, 'yar Fulani, ba za ta buɗe baki ta ci abincin suruki a gidan suruki ba. Na dama fura da nono mai kyau, ta tambayi wanda ya saya. Da na faɗa, sai ta juya fuska bango. Baban Luƙman har kwana ya koma yi a shago don ta sake, amma ta ce ko ba ya nan ai guminsa yana cikin ƙwaryar. Ɗan geron da ta ƙullo daga gida shi take sa ni in dama mata tsararo.

Mun koma asibiti, lokotoro ya ce ƙashin bai fara haɗewa ba. In aka ci gaba haka, da wuya ta sake taka ƙafar. Yaya, na ji tsoro ƙwarai. Inna ba ta iya zaman tabarma ba, in ba ta koma bayan shanunta ba, baƙin ciki ne zai kashe ta. Na yi kuka, na yi faɗa, ta ce ban da kunya tun ina ƙarama.

Jiya dai Baban Luƙman ya yi dabara. Bai gaya wa kowa ba, ya sa aka koro jar saniyarta, Saye, da ɗan maraƙinta tun daga Dumega. Da Inna ta ji kukanta a tsakar gida, wallahi sai da na riƙe ta. Nonon Saye nata ne, ba na suruki ba, ta sha har tana gyatsa.

Ka sa ta a addu'a.

Taka,
Zalika

Dogon Dutsi, gab da damina.

Yayana na kaina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, albishirinka! Inna ta taka.

Kullum da hantsi mukan fito da ita, ta zauna kan kujera ta tatsi Saye da hannunta, rana na dukan bayanta. Zogalen ma ta yarda ta ci, tunda ta ce itace na Allah ne. An kwance ƙafar, lokotoro ya ce ƙashi ya kama. Ta fara da sanda, yanzu sandar ta zama ta korar awakin maƙwabta.

Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta yi masa kirarin cewa ta warke ba ta ci ko ƙwayar hatsin suruki ba. Ni kuwa in ƙunshe dariya, don dusa da harawar da Saye ke ci, kullum Baban Luƙman ke ɗauro su a bayan babur, ya shigo da su ta ƙofar baya. Ya hana ni faɗa.

Yau ta koma Dumega. Da muka zo kwance Saye sai ta ce a bar ta, ita da maraƙin. Baban Luƙman yana tsaye a zaure, ba ta ko dube shi ba. Ni ta kalla ta ce, jikanta Luƙman ya riƙa shan nono kada ƙashinsa ya zama irin nata, sannan in gaya wa mai sayen dusa cewa saniya ta mai ciyar da ita ce.

Mutumin nan, Yaya, shagonsa ya wuce yana share ido da hula.

In ka zo da salla, akwai kindirmo. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Zalika