Ruwana a Batirin Kumandan

Filinge, Laraba da dare

"Yaya Haju, ko kuda ba zai taɓa tulun nan ba, na ɗauki alkawari." Haka Majo Alzuma, babban ma'aikacin jinyarmu, ya ce mini ranar Lahadi. Yau na buɗe tulun, wayam! Kwana uku na yi bakin wuta ina dafa ruwan nan ina tare tururinsa ɗigo-ɗigo, ya ɗauka ya ba direban kumandan, mai mulkin garin nan, ya zuba a batirin mota.

Wai in ɗebo na rijiya, ai ruwa ruwa ne. Na ce, "Ƙanena, shekara nawa kana shan ruwan ƙasarmu ta Kurfai ba ka ji kanwa a harshenka ba?" Asid ɗin da nake haɗawa dole ya tsaya daidai kan kashi ɗaya cikin goma na ma'aunin ƙarfi da muke kira normal, don da shi nake gwada kaifin ruwan wanke gyambo. Kanwa za ta cinye asid ɗin, awo ya yi mini ƙarya, magani ya ƙone nama. Littafin da ya faɗi haka shi Majo ke tokare ƙofa da shi.

Ban haɗa ba. Tanko mai haƙar rijiya ya wuni ba a wanke masa gyambonsa ba, ƙafarsa ta fara wari, matarsa tana ta kallona.

Gobe da asuba zan sake hura wuta. Na ba Majo zuwa azahar ɗin Juma'a ya kawo mini kwaɗon da zan kulle ruwana da shi, da makulli ɗaya tak, a hannuna. In ya wuce, zan ɗora Tanko kan jaki har barandar kumandan, lokacin da yake cin abinci, in kwance ƙafar a gabansa.