Kwaɗon Roba da Romon Hureira

Zuwa ga Hureira, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, uwar 'yata kuma uwar gidana.

Albishirinki! Na kama shi, Hureira, wallahi na kama shi! Kafin ki buɗe kular da mai gadin asibiti zai miƙo miki tare da takardar nan, tsaya ki ji yadda mijinki ya zama masunci a Kuala Lumpur.

Yau kwana goma sha ɗaya da aka yi miki aiki aka ciro Fatiha, kuma cutar nan ta korona ta sa an hana kowa shiga wajenku. Ban ɗauki 'yata ba, ban riƙe hannunki ba, sai dai in shafa gilashin waya kamar zautacce. Likita ta ce ɗinkin ya ƙi kamewa, kuma ba za a sallame ku ba sai kin koma cin abinci. Ke kuwa kullum sai ki ture kwano ki ce ba ɗanɗano. Ina zan sa raina, ya farin watana?

Maƙwabcinmu Pak Rosli, tsohon nan mai gyaran babur a Sri Petaling, shi ya gan ni ina zarya a baranda. Ya ce a al'adarsu romon wani kifi, haruan, ake ba mai jego don rauni ya haɗe, kuma na tafki ya fi na kasuwa. Da aka sassauta dokar kulle ya kai ni wani tsohon ramin kuza da ya zama tafki, ganyen bado ya rufe shi, ya damƙa mini sandar kamun kifi da kwaɗon roba kore, mai ƙugiya biyu kwance a bayansa. Ni da na tashi a bakin kogin Wudil, har dariya na yi masa a raina.

Ashe kwaɗon nan sai da lallashi! Za ka jefa shi can bayan ganyaye, ka ƙyale shi har ruwa ya kwanta. Sai ka sunkuyar da bakin sanda, ka sassauta zare, ka riƙa ɗan girgizawa, shi kuma yana rangaji hagu da dama. In ya iso sarari tsakanin ganye da ganye, ka tsaya cak. A wannan tsayuwar kifin ke fasa ruwa, fau!

A nan fa na sha kunya. A Wudil, zare na motsi fizga ake yi, hannuna kuma ya ƙi mantawa. Kwana uku ina fizge kwaɗo daga bakin kifi, sau ɗaya ma a goshina ya dawo ya sauka. Pak Rosli ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. Ya ce kifin ba ya kamawa da bugun farko: in ƙirga uku, in ji nauyinsa a hannuna, sannan in ja.

Kin tuna yammacin da muka zauna a shagon shayin nan da ake kira mamak, makon da kika iso ƙasar nan? Na kurɓi shayi da zafinsa na ƙone harshe, kika karɓi kofin kina hura mini, kina kirana Sarkin Gaggawa. Ke na tuna yau da hantsi da kifin ya fasa ruwa. Na ƙirga: ɗaya, Hureira, biyu, Fatiha, uku, Allah Ka dawo mini da su. Sanda ta lanƙwashe! Na yi kabbarar da ta tashi tsuntsayen tafkin gaba ɗaya. Kai kamar na maciji, tsawo kamu biyu, mummuna ne ƙwarai, amma ban taɓa ganin abin da ya faranta mini rai kamarsa ba.

Matar Pak Rosli ta nuna mini dahuwarsu, ni kuma na saci hanya na zuba daddawarki da citta da kanumfari, don ya yi ƙamshin gida. Na tambayi nas ta waya, ta ce babu laifi ki sha.

Don Allah, zumar rayuwata, ki sha. Ko cokali biyar ne. Kada ki tuna abin da kifin ke ci, kwaɗon na roba ne, na rantse! Gidan nan ya yi mini faɗi, gadon jaririyar da na harhaɗa yana kallona, kewarki kuma ta hana ni karanta ko shafi ɗaya na binciken karatuna. Ina tsoro, Hureira, kuma ina son ki fiye da yadda na iya faɗa.

Gobe zan koma tafki, jibi ma haka, har ranar da za ku fito. In kin shanye, ki ɗago kwanon ta tagarki. Ina tsallaken titi ƙarƙashin bishiyar nan, da jar hula da ƙulu a goshi. Ki hura shi a hankali, kada ki yi sauri domina. Na iya jira yanzu.

Naki shi kaɗai, yau da gobe har ƙarshen numfashi,
Halliru