Matar da Ba Ta Amsa Amin

Kano, watan Rajab, 1962

Yaya Ƙadri,

Ka gafarce ni da na dame ka ana tsakiyar ɓarar gyaɗa. Ina gaida Inna da mutanen Kanan-Bakashe. Muna lafiya, sai tarin baban Safi, shi ma maganin 'yan mishan yana ɗan yi mashi aiki.

Abu guda ya tsaya mani a rai. Akwai wata Kirista mai ba shi magani, Rifkatu. In na ce, "Allah ya sa kaffara ne," kowa ya amsa amin, ita ta yi shiru. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Mama, Allah bai ɗora mashi ciwon nan don ya biya zunubi ba. Almasihu ya riga ya biya. Yana tare da shi cikin wahalar."

Ban ga mugunta gare ta ba, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Jiya na yi addu'ar, baban Safi ya dubi bango, bai amsa ba.

Yaya, ka fi ni karatu. In dawo da shi gida da tarinsa, ko mu zauna? Don Allah ka aiko mani amsa da wuri, ko a hannun direban motar gyaɗa.

Ƙanwarka,
Lauratu